Ƙuri'ar "eh" a kan takardar da ba a karanta mana ba

Na fara koyar da tarihi a wani kwaleji na ƙasar Kurfai a 1990, kuma daga lokacin zuwa yau sau biyar ina sake darasin kundin tsarin mulki daga tushe. Na koyar da na 1992, na koyar da na 1996, da na 1999, da na 2009 wanda bai shekara ba, sannan na 2010. In aka haɗa da na 1960 da na 1989, jamhuriya bakwai ke nan cikin shekara 50. Na bakwai ɗin ma an jingine shi tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Akwai ɗalibaina na farko da yanzu 'ya'yansu ke zaune gabana, kuma abin da na sa uban ya haddace ba shi nake koya wa ɗan ba.

Shi ya sa duk shekarar da muka zo kan tarihin Amurka, ba a rasa yaron da zai ɗaga hannu ya ce: "Mushe, me ya sa nasu bai mutu ba?" Tambayar tana kan hanya. Kundinsu yana aiki tun 1789, gyara 27 kawai aka yi masa.

Abin da nake fara gaya musu shi ne kada su ɗauka waliyyai suka rubuta shi. Da yawa cikin marubutan suna da bayi. Sun amince a riƙa ƙidaya bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujerun majalisa, sun kuma hana a taɓa cinikin bayi daga ƙetare kafin 1808. Mata ba su sami 'yancin zaɓe a faɗin ƙasar ba sai 1920. Miyar da suka rufe ba ta dahu ba, ita ce ta fashe ta zama yaƙin basasa a 1861. Rubutun kansa a ɓoye aka yi shi: wakilai 55 daga jihohi 12 suka kulle kansu a birnin Filadelfiya daga watan Mayu zuwa Satumba na 1787, 39 suka sa hannu.

Inda na fi daɗewa da yara shi ne abin da ya biyo baya. Ba a ce wa jama'a ga takarda, gobe ku zo ku ce eh ba. An aika da ita jihohi 13, kowace ta zaɓi wakilan da za su zauna su tattauna ta, da sharaɗin ba za ta fara aiki ba sai jihohi tara sun yarda. Aka buga ta a jaridu. A Pensilbeniya aka fassara ta da Jamusanci, a jihar New York aka fassara ta da harshen Holan, don mazauna da ba Turanci ne harshen gidansu ba. Hamilton da Madison da Jay suka rubuta maƙaloli 85 suna kare ta, masu adawa su ma suna ta nasu rubutun. Da aka zo ƙuri'a, dubi yadda ta kasance: a Masacuset 187 da 168, a Birjiniya 89 da 79, a New York 30 da 27. Jihar Rhode Island ta ƙi zuwa taron tun farko, ba ta shigo ba sai 1790, da ratar ƙuri'a biyu. Waɗanda aka kayar kuma ba su tashi hannu banza ba. Kukansu shi ne babu inda aka rubuta haƙƙin talaka a gaban hukuma, kuma saboda matsin lambarsu aka ƙara gyare-gyare goma na farko a 1791, masu kare 'yancin magana da na addini da na wanda ake tuhuma.

Mu kuwa a Nijar, duk zaɓen raba gardamar da aka yi a kan kundi, "eh" ke lashewa da kusan kashi 90 cikin 100 ko fiye. Ni dai ban taɓa ganin mutum goma sun tsaya kan farashin tiyar hatsi a kasuwar Lahadi ta Filinge, tara sun yarda nan take ba. To yaya aka yi muka fi saurin yarda a kan yadda za a mulke mu? Na zauna a rumfunan zaɓe, na ji abin da tsofaffi ke tambaya. Ba wanda ke tambayar me aya kaza ta ce. Tambayar ita ce: "Wace takardar ce ta eh?" Mutane na jefa eh ne don soja su koma bariki a yi zaɓe, ko don wanda suke bi ya ce su jefa. Kundin kuwa da Faransanci yake, a Yamai, kusan kilomita 180 daga nan. A 1999 ko kashi ɗaya cikin uku na masu rajista bai fita ba.

Ba na cewa ba mu taɓa yin gardama ba. Wanda ya rayu a 1991 ya san yadda aka manne wa rediyo lokacin babban taron ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba, ƙarƙashin jagorancin André Salifou. Tun kafin a buɗe shi mata suka yi tattaki a Yamai ranar 13 ga Mayu saboda an mayar da su saniyar ware a kwamitin shirye-shirye, ranar da har yau ake bikinta a matsayin ranar matan Nijar. Amma an fi yin wannan gardamar kan laifuffukan jiya. Yadda za a raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista, masana aka bar wa. Nan kuwa aka yi tuntuɓe: da Mahamane Ousmane da Hama Amadou suka kasa zama inuwa ɗaya, Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da su duka a Janairun 1996.

Shekarar 2009 ce ta fi koya mini wani abu. Aya ɗaya ce a kundin 1999 da kowa ya sani, daga malami har mai tallan goro: wa'adi biyu, ba na uku. An san ta ne don an yi wa yunƙurin tsallake ta suna da Hausa, tazarce. Da Tandja Mamadou ya nemi zarcewa, kotun tsarin mulki ƙarƙashin Fatimata Bazèye ta ce a'a, ya rushe ta, mutane suka cika titunan Yamai. A nan Kurfai har fadojin shayi sun rabu biyu, masu so da masu ƙi, amma kowane ɓangare ya san a kan me yake tada jijiyar wuya. Sauran ayoyin fiye da ɗari, ban ga wanda ya fita rana dominsu ba. Kundin 2010 ya ɗora wa gwamnati, a aya ta 43, nauyin fassara shi da harsunan ƙasa da koyar da shi a kowane matakin karatu. Duk da haka, cikin shekara 13 da ya yi yana aiki, ban taɓa ganin kwafinsa na Hausa a hannun wani uban yaro ba.

Abin mamaki, mu Kurfayawa ba baƙin wannan aiki ba ne. Ranar sakin gonaki bayan girbi, da iyakar burtali, da layin shayar da dabbobi a rijiya, duk zama ake yi gaban mai gari, manomi ya faɗi tasa, Bafulatani da Ba'abzine su faɗi tasu, a yi ta ja har rana ta yi tsaka. Yarjejeniyar da aka sha wuya kafin a ƙulla ta, ita ce ake jin kunyar karyawa, don kowa ya tuna abin da ya bari da abin da aka bar masa.

Wannan ne ya sa nake gwada abin a aji. Ina raba yara gida 13, a zaɓi 'yan kwamiti su rubuto dokar aji, da Hausa da Faransanci, kuma ba ta hawa bango sai gida tara sun yarda. Wata shekara aka tsaya a takwas har kwana huɗu. 'Yan kwamitin, kusan duk maza, sun rubuta cewa shara da ɗebo ruwan randa aikin 'yan mata ne. Gidajen da mata suka fi yawa suka ce ba su sa hannu. Aka yi lallashi, aka yi barazanar daina aron littafi, ba su motsa ba, sai da aka mayar da aikin na karɓa-karɓa. Wani uba ya tare ni a bakin lakwal yana cewa na koya wa 'yarsa taurin kai. Na ce masa: "Malam, tambaye ta abin da doka ta shida ta ce." Ta karanto masa ita da ka. A wannan shekarar ban taɓa tsayawa rabon tsintsiya ba, su ke tuna wa juna.

Ranar 26 ga Maris 2025 aka ƙaddamar da sabuwar dokar da ke tafiyar da ƙasar a yanzu, bayan taron da aka yi a Yamai a watan Fabrairu. Ita ce ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. In haka ne, duk ranar da aka zo rubuta sabon kundi, ina son in ji ana karanta daftarinsa aya bayan aya a gidajen rediyon karkara, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, watanni kafin a kafa akwati. Malamai muna iya kai shi aji, iyaye su sa yaran su karanta musu da dare bayan tuwo. Ina kuma son a ba mai cewa a'a fili daidai da na mai cewa eh, a Shikal da Tukunus kamar yadda za a ba shi a Yamai, ko da sakamakon zai fito 55 da 45.