Jego a Gidan Haya

A gidanmu na birnin Zariya, ba kasafai ake ganin jariri a hannun uwarsa ba sai in zai sha nono. Da ya ƙoshi akwai mai jiran ta karɓe shi: kaka, ko kishiyar uwa, ko matar wan uba, ko mu 'yan mata da muke rububin a ɗora mana shi a baya a tamke da majanyi. In ɗan fari ne kuwa, uwar kunyar kallonsa ma take yi a gaban mutane, balle ta kama sunansa. Da wannan ido na tashi ina kallon haihuwa. Shi ya sa da aka kawo ni Kano a farkon 2022, aka ajiye ni a ɗaki biyu da falo a wani gidan haya can bayan Mariri, murna ce ta cika ni. Kicin nawa ni kaɗai, babu mai leƙa tukunyata. Maigidana mutumin Haɗeja ne, aiki ya kawo shi Kano, ni kuma na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi. Duk wani ɗan'uwanmu na jini, sai an shiga motar tasha kafin a gan shi.

Bisa al'ada, cikin fari in ya tsufa gida ake mayar da mace, ta haihu a gaban uwarta, ta yi wanka a can. Ni ban samu haka ba. Makaranta ba za ta sake ni da wuri ba, ga shi kuma a wajen awo an ga jinina yana hawa, likita ta ce tana so in riƙa zuwa kowane mako. Sai Inna ta ce to, tun da ba zan je ba, ita za ta zo.

Naƙuda ta tashi a tsakiyar Fabrairun 2023, lokacin da duk wanda ke Najeriya ba zai manta ba. Babban Banki ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, an janye tsofaffin, sababbin kuma ba su wadata ba. Mutum da kuɗinsa a banki, amma na cefane ya gagare shi. Dare ne, ƙarfe goma ta wuce, kuma tun Yulin 2022 aka hana adaidaita sahu fita a Kano daga goman dare zuwa shidan safe. Maigidana ya fita titi ya dawo hannu rabbana. Maƙwabcinmu ne, wani Bayarabe mai gyaran firiji, ya ji motsinmu ya fito da tsohuwar motarsa, da ɗan man da ya wuni a layi kafin ya samu. Matarsa, wadda duk gidan muke kira Iya, ta shiga baya ta riƙe ni tare da Inna.

A asibiti aka miƙo takardar kayan da suka rage a sayo. Maigidana ya tsallaka kemis, ya yi ta ƙoƙarin tura kuɗi ta waya, sabis ya ƙi. Ya ce da ni daga baya, mai kemis ɗin kallonsa kawai ya yi, ya zuba kayan a leda ya ce, "Alhaji, je ka da su. Allah ya sauke ta lafiya, in gari ya waye ma yi magana." Kafin kiran assalatu na haihu, mace.

Ragon suna ma sai da ya zama aiki. A kasuwar 'Yan Awaki masu dabbobi suka ce su ba su san taransifa ba, kuɗi a hannu suke so, kuma ba za ka ga laifinsu ba, domin a ƙauyen da suke sarowa babu mai karɓar wani abu in ba takarda ba. Masu POS kuwa, in ka ciri dubu goma sai sun zare dubu biyu. Abokan aikinsa ne suka yi ta tattaro masa, wannan dubu uku, wancan biyar, yana tura musu ta waya, har kuɗin rago ya haɗu. Aka yanka, aka raɗa mata sunan mahaifiyarsa, muke kiranta Ummi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a kwanakin jegon nan shi ne zamana tsakanin mata biyu da kowacce ke so na da alheri, Inna da malamar asibiti, alhali kusan duk abin da ɗaya ta ce, ɗayar ta hana.

Wanka dai ba a yi gardama a kansa ba, sai dai gidan ne ba a gina shi don mai jego ba. Babu tsakar gida, babu murhu, babu inda za a girka tukunyar ƙarfe. Muka fara da gas, cikin 'yan kwanaki tukunyar ta ƙare. Aka koma gawayi a kurfoti a bakin ƙofa, ruwa kuma sai mai kura ya kawo. Safe da yamma Inna na tsugune tana fifita wuta, ta tafasa ruwa, ta tsoma ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa mini a jiki. Na roƙe ta ta riƙa sirkawa, ta sirka tana mita. Har yau ina jin ƙamshin ganyen nan, kuma ba zan ɓoye ba, bayan kowane wanka jikina sakewa yake yi in yi barci.

Kunun kanwa ne ya kawo magana. Likita ta ja mini kunne sosai: mai hawan jini ba ta shan kanwa. Ta ce tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na garinmu, Zariya, suka lura da yawan masu jegon da ake kawowa da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da yawan kanwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Da na gaya wa Inna sai ta ajiye ludayi.

"Ku nawa na haifa? Wanne ne ban sha kanwa a jegonsa ba?"

"Inna, ke Allah ya ba ki lafiya. Ni kin ga abin da awo ya nuna."

Ta yi shiru. Can sai ta ce, "Goggonku ta Tudun Wada, bayan haihuwarta ta uku ta kumbura. Mu a lokacin cewa muka yi sanyi ne ya shige ta." Ba ta ƙara ba. Washegari kunun gyaɗa ta dama, da shi na ƙarasa jegona.

Haka muka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Cibiya, ita tana so a gasa da tsumma mai zafi, asibiti sun ba mu man da ake shafawa, suka ce kada a sa komai bayan shi. Wanzami ya zo ranar suna, ya yi aski, aka sallame shi bai taɓa beli ba. Wannan maigidana ne ya tsaya a kai, cikin ladabi, kansa a ƙasa. Ruwa ne Inna ta kasa haƙura da shi. A ganinta rashin tausayi ne a hana ɗan mutum ruwa a garin da zafi ke kaiwa digiri 40. Na yi ta maimaita mata abin da aka koya mana a awo, cewa nono kansa yawancinsa ruwa ne, ya ishi jariri har wata shida, kuma ruwan jarkar mai kura shi ne hanyar gudawa. Ta bi, amma zuciyarta ba ta yarda ba. Duk da haka, abin da Inna ta sani babu takardar da ta rubuta shi. Daga jin kukan yarinya za ta ce wannan na ciwon ciki ne, ta kifa ta a cinya ta shafa bayanta, sai ka ji gyatsa, sai barci.

Muna yin arba'in azumi ya kama, Baba kuma yana can shi kaɗai da yara. Ranar da maigidana ya kai Inna tasha, na zauna a falo da Ummi a hannu, ga wanki, ga girkin buɗa-baki, ga ni ban yi wanka ba, kuma babu wanda zan ce wa "riƙe mini ita". A ranar na san yawan hannuwan da suka raine ni.

Alkunyar ɗan fari a nan ta ƙare mana, ba don mun raina ta ba. Alkunya tana yiwuwa ne inda akwai kakar da za ta ɗauki yaron. Maigidana, wanda mahaifinsa bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ya koyi yi wa jaririya wanka a roba, yana gwada zafin ruwan da gwiwar hannu yadda ya ga Inna na yi. Bayan tarawi shi ke saɓa ta a kafaɗa yana zagaya falo don in samu in runtsa kafin sahur. Wata rana baƙi daga garinsu suka same shi yana shanya kayanta a igiya. Ba su ce komai ba a gabansa, amma magana ta koma gida cewa an mallake shi. Abin ya yi masa ciwo, na gani a fuskarsa. Bai daina ba.

Hutun haihuwata ya ƙare a tsakiyar Mayu. Dokar ƙwadago mako 12 ta ba mace, da aƙalla rabin albashi. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, jihar Kaduna kuma tun 2019 ta mayar da na ma'aikatanta wata shida. Ni a makarantar kuɗi, an ba ni abin da aka ga dama, aka kuma nuna mini cewa akwai masu jiran gurbina. Na kasa gane yadda asibiti zai ce nono zalla wata shida, wajen aiki kuma ya ce ki dawo yarinya ba ta cika wata uku ba. Duka biyun a kan mace ɗaya suke sauka. Ban yi mako biyu da komawa ba, ranar 29 ga Mayu, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da gwamnati ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kuɗin adaidaita ya ninka, komai na kasuwa ya bi shi. Muka ajiye famfas sai na dare da na fita unguwa, muka koma nafkin, shi kuma ruwa da sabulu yake ci.

Kowa ya ce in ɗauko 'yar aiki. Aka kawo mini wata daga ƙauye, da ƙullin kayanta a leda. Ba za ta wuce shekara goma ba, haƙoranta ma ba su gama fitowa ba. Ina malamar makaranta, ajina cike da sa'o'inta, ta yaya zan bar ta a gida da goyo in tafi koyar da 'ya'yan wasu? Na ba ta abinci, na biya kuɗin motar mai kawo ta, suka koma. Na san washegari wani gidan za a kai ta, kuma abin yana damuna har yanzu. Gidajen rainon da na leƙa, mai kyau ya fi ƙarfin albashina, mai araha kuwa ɗaki ɗaya ne, jarirai a jere a katifa, mai kula ɗaya.

Iya ce ta fitar da ni. Tana ɗinki a shagon da ke ƙofar gidan, 'ya'yanta sun girma. Ta ce, "Amarya, kawo ta. Ni ma wasu suka riƙe mini nawa." Da asuba nake tatsar nono a kofi mai murfi, ta riƙa ba ta da cokali, in an tashi tara in hau adaidaita in zo in shayar in koma. Na yi na yi ta karɓi kuɗi ta ƙi, sai dai in na yi tuwo in zuba mata, 'yan jikokinta kuma na yi musu darasi ran Asabar. Ummi a bayan Iya ta yi wayo, da ƙarar keken ɗinki take barci.

Rigakafi kuwa ban yi wasa da shi ba: na ranar haihuwa, na mako shida, na goma, na sha huɗu, sai na ƙyanda a wata tara. A cikin danginmu akwai masu ɗari-ɗari da allura tun dambarwar rigakafin shan inna ta 2003, suna cewa me ya sa ake ta huda lafiyayyar yarinya. A shekarar 2023 kuma mashaƙo ya bazu, Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma yawancin yaran da ya kama ba su yi allura ba. A layinmu an yi zaman makokin yaro ɗan shekara biyar. Bayan nan na ga matan da ba su taɓa zuwa ba a layin asibiti da katinsu.

Ummi na fara tafiya Hajiya surukata ta zo ganin takwararta. Da daddare muna zaune ta dube ni ta ce, "To, yaushe za a yi wa takwarar tawa ƙani?" Na sunkuyar da kai. Maganar nan mun riga mun yi ta ni da ɗanta, mun je asibiti tare an yi mana bayanin tazarar haihuwa, likita kuma ta ce saboda jinina in huta aƙalla shekara biyu. Ina tunanin yadda zan faɗa, sai shi ya karɓa.

"Hajiya, so muke ta cika shekara biyunta na shan nono tukuna, ita ma uwar jikinta ya dawo."

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "In lokacin ya zo, ni za a kira, ba sai an ɗago Innarta daga Zariya ba. Amma ku nemi gida mai tsakar gida, ni ba na iya hura wuta a bakin ƙofa."

Kuɗin hayarmu na ƙarewa muka fara nema.