Injin Bai Mutu Ba, Wuta Ce Ba Ta Isa Gare Shi



Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura dubu. Mu da ke nan Iseyin mun ga yadda abin ya taɓa 'yan uwanmu masunta na madatsar ruwan Ikere. Mutum ya kwana a ruwa, ya fito da karfasa da tarwaɗa, in ya cire kuɗin mai sai ka ga abin da ya rage bai kai na cefane ba. Da yawa sun jingine injin fetur sun koma filafili.

Wannan ne ya sa asusun ƙungiya ya ba wani dattijonmu, mutumin Yauri, rance ya sayo ƙaramin injin jirgi mai aiki da batir, na hannu, daga Legas. Irin wannan inji ba sabon abu ba ne a duniya. Kamfanin Minn Kota na Amurka ya fara yin sa tun 1934, kuma can ana amfani da shi ne don a lallaɓa a kusanci kifi ba tare da ƙara ba. A wajenmu dai shi ne na farko, kowa ya zuba ido.

Bai cika wata biyu ba injin ya fara ja da ƙyar, daga baya ya tsaya cak. Dattijon ya same ni, ya ce: "Malam Sakatare, an cuce ni. Zan sayar wa 'yan gwangwan in rage bashin mutane." Littafin rancen a hannuna yake, na san abin da ya saura a kansa, na kuma san cewa in ya sayar a haka, ko kashi ɗaya cikin goma ba zai samu ba. Ga wasu mutum uku da suka rubuta suna jiran a ga yadda nasa zai kaya. Na ce: "Baba, a ba ni yini ɗaya tukuna." Difilomata a fannin lantarki take, sai na ɗauki mitar gwajin wuta da sifana da sanfefa na bi shi bakin ruwa.

Ƙa'idar da aka koya mana ita ce a bi wuta daga inda ta fito zuwa inda za ta, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. Don haka ban taɓa injin ba, batir na fara dubawa. Batir mai bolt 12 in ya cika yakan nuna wajen 12.6 ko 12.7 a mita. In ya nuna 12.2 ya sha rabi, in ya sauka ƙasa da 12 kuwa saura kaɗan. Na Baba ya nuna 12.5, kamar lafiya lau. Amma da muka sa farfela a ruwa muka kunna, nan take ya faɗi zuwa 10 da ɗoriya. Batirin mota ne aka haɗa masa da shi. Shi batirin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙu ya tada inji, sannan mota ta mayar masa. In ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum, ba ya daɗewa. Wanda ya dace da wannan aiki shi ne irin na inbata ko sola, mai jure a sha shi a hankali a sake cikawa. Muka aro ɗaya wajen mai cajin waya, injin ya motsa, amma ƙarfinsa bai dawo duka ba.

Sai waya. Na sa hannu a kan batir bayan minti biyu da kunnawa, na ji ya yi zafi. Duk inda ya yi zafi a layin wuta, nan ƙarfi yake zubewa. Wayar injin ba ta kai inda yake ajiye batir ba, sai aka ƙara masa da siririyar wayar gida, aka murɗe aka naɗe da leda, mahaɗin duk ya yi kore. Injin nan mai ƙarfin turi fam 55 yana jan kusan amfiya 50 in an ƙure shi, wayar fitila ba za ta ɗauki wannan ba. Muka sa mai kauri irin ta batirin mota, muka goge kawunan da sanfefa har suka yi haske, muka ɗaure da noti maimakon ɗan maƙalin nan mai baki, muka shafa basilin saboda tsatsa. Na kuma sa masa bireka mai amfiya 60 kusa da batir, domin wayar da ta haɗu a cikin jirgin katako, wuta ce a tsakiyar ruwa.

Na uku farfela. A cire waya daga batir kafin a kai hannu wajen, wannan ba abin wasa ba ne, tana iya datse yatsa. Na juya ta da hannu na ji ta yi tauri. Mai lafiya takan juya da ɗan tirjiya kaɗan-kaɗan saboda maganaɗisun da ke ciki, ba ta cijewa. Da muka kwance notin muka zare ta, sai ga zaren kalli ya naɗe sandar ya yi dunƙule, daga waje ba a ganinsa. Wannan zare illarsa biyu. Yana riƙe injin ya riƙa jan wuta fiye da ƙima, sannan in ya daɗe yana cinye robar da ke hana ruwa shiga, ruwa kuwa in ya shiga, gyara ya koma babba. Allah Ya taimaka robar Baba ba ta kai ga yagewa ba. Akwai kuma ɗan ƙarfe kamar guntun ƙusa da ke ratsa sandar yana riƙe farfela, nasa ya lanƙwashe, alamar ya bugi kututture a ƙarƙashin ruwa. In ka ji inji yana kuka amma jirgi ba ya tafiya, shi za ka fara dubawa. Muka canza shi, muka mayar, jirgi ya ja kamar ranar da aka kawo injin. Baba ya yi shiru, can ya ce: "Ashe da na sayar da lafiyayyen doki saboda ƙaya a kofato."

Da duk wannan bai yi ba, da sai a koma ga makunni. Irin nasa yana da gudu biyar na gaba, uku na baya. In wasu suna aiki wasu ba sa yi, yawanci laifin makunnin ne ko wayoyin da ke cikin kan injin. In kuwa ya riƙa komawa baya alhali gaba aka sa, a duba ko an juya ja da baƙar waya. Buɗe ƙasan injin don duba kabon shi ne na ƙarshe, kuma wannan a kai wa mai gyaran da zai iya mayar da robobin daidai.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata masu jiran rance su ji. Bolt 12 sau amfiya 50 wat 600 ke nan, bai kai ƙarfin doki ɗaya ba, wanda yake wat 746. Wanda ya saba da injin fetur mai doki 15 kada ya sa ran irin wancan gudun. Batir mai amfiya-awa 100 a lissafi zai yi awa biyu in an ƙure gudu, amma tunda ba a son a sha fiye da rabinsa, awa ɗaya ke nan. A gudu na biyu ko na uku yana kai mutum nesa da haka. Aikinsa zagayen duba kalli da mamari a ruwan da ya kwanta. Ba na ɗaukar fasinja ba ne, ba kuma na yin gaba da iskar hadari ba. Filafili da rigar ruwa kada su bar cikin jirgi.

Shawarar da na rubuta wa kwamiti ita ce kada a rufe wannan rance, amma kada a sake ba da kuɗin inji shi kaɗai. A haɗa lissafin da batirin da ya dace, da waya, da bireka, da hanyar caji, domin batirin da aka bari ya kwana ba caji shi ma mutuwa yake a hankali. Baba ya sayi nasa batirin, ya kuma kawo biyan wata biyu a jere. Duk wanda zai sayo, ya yi mini magana kafin ya biya kuɗi, mu gwada a cikin ruwa ba a kan tebur ba.

Allah Ya tsare mana 'yan uwanmu a kan ruwa, Ya sa albarka a neman kowa. Amin.

Sakataren ƙungiya