Iyakar da Garma Ta Cinye

Idan kana da data, buɗe taswirar tauraron ɗan Adam a wayarka, ka nemi ƙauyen Hevlin a kudancin Jamhuriyar Cek. Kudu da shi kaɗan akwai garin Laa, na ƙasar Ostiriya. Ba sai an ja maka layi ba, da idonka za ka ga inda wannan ƙasa ta ƙare, waccan ta fara. A ɓangaren Ostiriya gonakin sirara ne, dogaye, a jere: wannan kore, wannan rawaya, wannan ruwan ƙasa. A ɓangaren Cek fili ɗaya ne mai launi ɗaya. Sai ka ja hoton da yatsa kafin ka kai ƙarshensa.

Ruwan sama ɗaya ke sauka a kansu. Kogi ɗaya suke sha, mutanen Cek na ce masa Dyje, na Ostiriya na ce masa Thaya. Kafin 1918 ma sarki ɗaya ke mulkinsu daga Biyena. Wayar da ta raba su zamanin yaƙin cacar baka, a Disambar 1989 aka fara datse ta. A Disambar 2007 aka daina binciken fasfo na yau da kullum a wurin. Sojojin kan iyaka sun tafi, bambancin gonakin yana nan.

Abin da ya ɓace a ɓangaren Cek ɗan ƙarami ne. Sunansa mez. Zirin tudu ne da ake bari tsakanin gonar mutum da ta maƙwabcinsa, ba a nome shi. Wanda ya san layin gamba a iyakar gona a wajenmu ya riga ya gane shi. A kansa ake jibge duwatsun da garma ta tono. Ciyawa ta fito, ƙaya ta kama, wani wurin har da bishiya mai 'ya'ya. A gangare, ƙasar da ruwa ya kwaso takan tsaya a jikinsa, shekara da shekaru, har gonaki su zama hawa-hawa. Zomo na fakewa a ciki. Makwarwar can ma a nan take saka ƙwai.

'Yan kwaminis sun karɓi mulkin Cekoslobakiya, wadda Cek ke cikinta a lokacin, a Fabrairun 1948. A 1949 aka yi dokar gonakin haɗin gwiwa. Daga nan aka shiga ƙauyuka da tarakta ana nome iyakoki, wani wurin da kiɗa da tutoci. Hujjar da aka bayar mai daɗin ji ce. Inji ba ya son kwana-kwana, in ji su, tudun nan kuma asarar fili ne, matattarar ciyawa. Akwai wata hujjar a bayan wannan. Ranar da iyaka ta tafi, ba wanda zai ƙara tsayawa ya nuna da hannu ya ce daga nan zuwa can gonar ubana ce. Manoman da suka turje an laƙaba musu sunan kulak, wato mai gandu mai cin gumin talaka. Daga 1951 an kori dubban iyalai daga ƙauyukansu. A shekarun 1970 aka sake haɗe gonakin haɗin gwiwar, filaye suka ƙara faɗi. An miƙar da rafuka, an tsane fadamu.

Yau masu ɗaukar hoto na tururuwa zuwa yankin Kyjov a kudancin Morabiya, cikin ƙasar Cek. Tuddai ne masu santsi, alkama shimfiɗe a kansu, ba shinge, ba kututture, sawun tarakta a miƙe samɓal. Duk wanda ya gani sai ya ce tsaf. Ni ban ga abin yabo ba. Nemi hotunan da aka ɗauka bayan an kafce, kafin shuka ta rufe. Ƙasar yankin baƙa ce, irin wadda manomi ke nema ruwa a jallo. Amma dubi doron tuddan, za ka ga fari-fari. Sanƙo ne. Baƙar ƙasar ta bi ruwa ta gangara, ta bar ta ƙarƙashi a waje.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan da ya sauka a gangare, gwargwadon tsawon gangaren gwargwadon gudunsa. In ya ci karo da tudu mai ciyawa, sai ya ja birki, ya sauke ƙasar da ya ɗauko, ya nitse. In bai tarar da komai ba, ya yi ta kwasa ke nan har gindin tudu. Gonar masara ta fi shan wahala, domin a watannin Mayu da Yuni, lokacin ruwa mai ƙarfi, tsakanin layukanta tsirara yake. Fiye da rabin ƙasar noman Cek na cikin haɗarin zaizaya. Mutanen ƙauyukan da ke gindin irin waɗannan filaye sun san abin da shebur a hannu, suna kwashe taɓo daga titi da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

Kada ka ɗora laifin duka a kan kwaminisanci. Ingila ba ta yi gonakin haɗin gwiwa ba, amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatinta ta riƙa tallafa wa manoma su tumɓuke shingayen ƙaya da ke raba gonakinsu, don inji ya sami hanya. Sai a 1997 aka yi dokar da ta kare waɗanda suka rage.

A Cek, dokar 1991 ta mayar wa mutane gonakinsu. A takarda aka mayar. Jika na riƙe da shaidar ziri ɗaya da ke tsakiyar wani makeken fili. Babu hanyar da za ta kai shi, babu dutse ko itacen da zai ce masa ga farkonsa. Ofishin filaye ya san wurin, ƙasa ta manta. Abin da ya rage masa shi ne ya ba kamfanin da ke noma filin haya, ya karɓi kuɗinsa a ƙarshen shekara. Shi ya sa mafi yawan ƙasar da ake nomawa a can ta haya ce, kuma matsakaiciyar gona ta haura hekta 100, abin da ya fi na kowace ƙasa a Tarayyar Turai.

Daga 2021, manomin da ke son tallafin gwamnati ba zai shuka abu ɗaya a shimfiɗe fiye da hekta 30 ba. Dole ya raba filin da wani amfanin, ko ya ratsa shi da zirin ciyawa. Mataki ne mai kyau, ina kuma murna da shi, amma bai isa ba. Zirin da aka shuka bana ba shi da duwatsu, ba shi da ƙaya, kuma ana iya nome shi baɗi.