Rigar Sakin da Ke Cikin Adaka

A ɗakin Maigida, nan Zangon Kumasi, akwai wata adaka da ba ma buɗewa sai da bisimilla. Rigar saki ce a ciki, mai aska takwas, ɗinkin tsamiya, wadda kakansa ya zo da ita daga Kano ta hanyar Salaga zamanin fataucin goro.

Shekara uku ke nan da muka yi mata laifi. Don gudun ƙura muka naɗe ta a leda muka rufe, muka manta cewa damina biyu ake yi a ƙasar Asante. Ran jajibirin Babbar Salla muka buɗe, sai ga fumfuna ta mamaye wuyanta. Maigida bai ce uffan ba, ya dai daɗe yana shafa ɗinkin.

Samari suka ce a kai wa mai wanki. Uwargida ta hana, ta ce sabulu zai zubar da shunin, cuɗa kuma ta tsinka zaren. Muka shanya ta a inuwa kwana uku, muna kaɗe ta da tsumma a hankali. Har yau tabon bai fita duka ba.

Yanzu da farin ƙyalle muke naɗe ta, mu barbaɗa kanumfari da busasshen ganyen dalbejiya saboda asu, adakar kuma a kan benci, nesa da sanyin ƙasa. Kowane hunturu mukan fito da ita ta sha iska, mu sauya ninkin don kada zaren ya karye. Ranar muke tara yara su taɓa ta, mu gaya musu mai ita, mu nuna musu tabon. Allah ya jiƙan magabata.