Tumatirin Bayan Majami'a



Da damina ta ɗauke, muka roƙi dattawan ikilisiya su ba mu filin da ke bayan majami'a mu yi lambu. Niyyarmu mu sayar da tumatir mu tara kuɗin motar zuwa taron matasa na Ista. Muka yi shinge da kara saboda awaki, muka zuba taki, muka yafa iri. Bayan mako 4 muka yi dashe. Ranar kowa ya zo, har da ganga.

Daga nan ɗoki ya fara sanyi. Wannan yana makaranta, wancan yana shago. Sai muka yanke shawarar yin ban-ruwa ranar Asabar kawai, amma mu zuba shi da yawa har ya kwanta. Iskar hunturu kuwa ba ta jiran kowa. Kafin Talata ƙasa ta tsattsage.

Tumatir ya yi 'ya'ya, amma da ya fara nuna sai muka ga ya farfashe, wani kuma gindinsa ya yi baƙi. Muna tsaye muna zargin iri, sai ga wata Mama daga zumuntar mata. Ta tsinki ɗaya ta juya shi a hannu, ta ce, "'Ya'yana, laifin ba na iri ba ne. Kun bar shi da ƙishi kwana shida, kuka ɗura masa ruwa rana ɗaya. Cikinsa ya kumbura, fatarsa ta kasa ɗauka. Kaɗan-kaɗan yake so, a kai a kai."

Muka yi tsit, domin ba tumatir kaɗai ta kwatanta ba. Haka addu'armu take. A daren addu'a na ƙarshen wata mukan kwana muna kuka ga Ubangiji, sa'an nan mu yi makonni ba mu durƙusa ba, Littafi Mai Tsarki yana shan ƙura. Jaraba na zuwa sai mu fashe, mu koma muna mamaki.

A Fitowa sura 16, kowace safiya Isra'ilawa suke tattara manna na yini ɗaya. Waɗanda suka ajiye saura suka iske ya yi tsutsa. Daniyel kuma sau uku a rana yake addu'a tun kafin dokar sarki ta fito, shi ya sa barazanar kogon zakoki ba ta sāke masa al'ada ba.

Akwai abin da ya fi wannan ba mu kunya. Layin wani ɗan'uwanmu ya bushe ƙurmus. Sai da muka ga haka muka tuna cewa rabonsa da sujada ya kai wata biyu. Mun lura da shuka kafin mu lura da mutum. Da muka je gidansu, muka tarar mahaifinsa na kwance ba lafiya, shi kaɗai yake jinya.

Yanzu mun raba kanmu biyu-biyu. Kowace safiya da ƙarfe 6, masu aikin ranar sukan ja ruwa a rijiya su ba shuka, su karanta 'yan ayoyi, su yi addu'a domin mutum ɗaya da sunansa. Duka bai wuce minti 30 ba.

Tumatirin da ya fashe ya riga ya fashe, kuɗin motar ma bai cika ba tukuna. Amma sababbin 'ya'ya suna fitowa sumul, ɗan'uwanmu kuma yana cikin masu ban-ruwa na ranar Alhamis. Ubangiji ya koya mana zuwa gabansa kullum. Amin.