Yamai Da Itacen Girkinta

Baƙon da ya sauka Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar, a shekarun 1980, in ya yi sammako ya tsaya bakin Gadar Kennedy wadda aka buɗe a 1970, zai ga raƙuma a jere suna ƙetare Kogin Kwara ɗauke da itace, jakuna na biye, ga kuma tsofaffin motoci da lodi ya rinjaya. Daga dazuzzukan Say da Torodi suke fitowa. Sabara ce da geza da tsiriri, kuma da su ake dafa tuwon kusan kowane gida a birnin.

Fari na 1973 da na 1984 ya koro talakawa daga ƙauyuka zuwa birni. Bakuna suka ƙaru, daji kuwa ya yi ta ja da baya, har masu saran itace sai sun yi doguwar tafiya kafin su cika mota. Cikin wannan hali aka fito da wani murhun ƙarfe aka sa masa sunan Hausa, watau Mai Sauƙi, ko da yake Zabarmanci ya fi yawa a garin.

Maƙeran Kasuwar Katako su ne suka riƙa ƙera shi da tsohon ƙarfe. Dabararsa ba ta da wuya. Murhun duwatsu uku a buɗe yake, iska na kwashe zafi ta kowane gefe. Shi kuwa Mai Sauƙi zagaye yake da ƙofa ɗaya, tukunya na nutsewa cikinsa, sai 'yar tazara da aka bari don harshen wuta ya bi jikinta. To, a nan gizo ke saƙa. Kowane murhu da lambar tukunyarsa, in aka ɗora ƙarama a kan babba, tanadin ya tafi. Uwargida mai ciyar da mutum goma sha biyar tana da tukwane iri iri, ba za ta sayi murhu ga kowace ba. Ga tuƙin tuwo, wanda ke son mazauni mai ƙarfi da ba ya motsi in an danna muciya. Duwatsu uku kuwa kyauta ne, ba sa tsatsa. Saboda haka gidaje da yawa suka sayi sabon, suka ajiye tsohon kusa da shi.

Hukuma ta lura murhu kaɗai ba zai ceci daji ba muddin kowa na sara yadda ya ga dama. A dajin Geselbodi, kudu maso gabas da birnin, aka fara gwada danƙa wa mutanen ƙauye kula da dajinsu. A 1992 aka yi dokar kasuwannin itace na karkara. Ƙauye ke sara bisa ƙa'ida ya sayar wa masu motoci, wani kaso na haraji ya zauna hannunsa, wanda kuwa ya kwaso daga dajin da ba mai kula da shi ya biya haraji mafi tsada. Wannan ya fi murhun tasiri, domin ya sa manomi ya ɗauki itacen dajinsa dukiya.

An kuma gwada gawayin ƙasa na Cirozerin da ke yankin Agadas, amma wuyar kunnawa ta hana mata sake jiki da shi. Gas ne ya sami shiga bayan buɗe matatar man Damagaram a 2011, musamman gidajen ma'aikata. Sai dai kuɗin tukunyar gas a dunƙule ake biyansa, itace kuwa ana sayensa ƙulli ƙulli, gwargwadon abin da maigida ya samo a ranar.