Ranar da ɓarna ta koma arna a kwamfutata

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da karatu ya jefo mu nan Kudu, yau zan tona wa kaina asiri. Labarin ya ɗan yi tsawo, amma duk wanda bincikensa ya haɗa shi da kwamfuta ya daure ya kai ƙarshe.

Digiri na biyu nake yi a nan Ibadan, fannin tattalin arzikin noma. Bincikena a kan asarar da 'yan tumatir da tattasai ke yi ne tun daga lodi a Arewa har zuwa saukewa a kasuwa. Na yi wata uku ina zirga-zirga tsakanin Shasha da Bodija, ina hira da mutanenmu da Hausa, ina naɗa a waya, in dawo ɗaki in rubuta kalma bayan kalma. Hira 62 na tara. Malamin da ke duba aikina ba ya jin Hausa, sai ya ce in fitar da jerin kalmomin da suka fi fitowa daga bakin 'yan kasuwar, in fassara su, mu sa a babi na huɗu.

Da manhajar R nake aiki. Ga wanda bai san ta ba, harshen lissafi ne da wasu malamai biyu, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara a Jami'ar Auckland ta New Zealand, kuma kyauta ce. Mutane a ko'ina cikin duniya suna rubuta mata ƙananan kayan aiki su saka kowa ya ɗauka. Ɗaya daga cikin irin waɗannan na sauke, wanda aikinsa shi ne ya share rubutu, ya cire aya da waƙafi da lambobi kafin a ƙirga kalmomi.

Saura kwana huɗu in gabatar da aikin a gaban sashe, wajen ƙarfe ɗaya na dare, jerin ya fito. Ta farko "kui". Ta biyu "mota". Ta uku "kwando". Ta huɗu "arna", sama da sau ɗari biyu.

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Ni na yi hirar nan da bakina, ni na rubuta ta da hannuna, babu mutum ɗaya da ya furta wannan mummunar kalma. Kuma kowa a nan ya san rikicin da aka yi a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021, wanda har yau ciwonsa bai gama warkewa ba. Ku ƙaddara na haska wannan jerin a allo, a zauren da ke cike da Yarbawa abokan karatuna, wani mai jin Hausa ya fassara musu. Me zan ce? Mutanen da suka ba ni lokacinsu, suka ba ni shayi da amana, ni ne zan ɗora musu maganar da ba su yi ba.

Da na nutsu na ga "ruewa" a ƙasa kaɗan, sai na gane. "Kui" kuɗi ne, "ruewa" ruɓewa, "arna" kuma ɓarna. Duk inda harafi mai lanƙwasa yake, wato ɓ da ɗ da ƙ, an haɗiye shi.

Raina ya ɓaci. A daren na nemo inda ake kai wa mai kayan aikin ƙorafi, na rubuta masa da Turanci, abin da ma'anarsa ita ce: abin nan naka ba ya aiki, ya lalata mini bayanai, ina da gabatarwa nan da kwana huɗu, ka gyara da gaggawa. Na haɗa da hoton allon laftof ɗina da na ɗauka da waya, duk ya karkace, hasken fitila ya cinye rabinsa.

Da safe na ga amsa, layi biyu. Babu gaisuwa, babu ban haƙuri. Ya ce ba zai iya yin komai da wannan ba, in turo zubin da nake amfani da shi, da ɗan gajeren misalin da shi ma zai gwada ya ga matsalar da idonsa.

Na ɗauki wannan a matsayin wulaƙanci. Na tafi wajen wani yayanmu da ke digiri na uku a fannin kwamfuta, wanda duk ɗan Arewa da lissafi ya rikice masa wurinsa yake zuwa. Na miƙa masa waya na ce, "Yaya, dubi girman kan mutanen nan."

Ya karanta saƙona, ya karanta amsar, ya yi dariya. Ya ce, "Ƙanena, nawa ka biya mutumin nan?"

Na ce, "Ai kyauta ne."

Ya ce, "To ka ci abincin mutum kyauta, ka dawo kana buga masa ƙofa tsakar dare. Wannan ɗaya. Na biyu, ka taɓa zuwa wurin bakanike ka ce masa motarka ta lalace ya gyara yanzu-yanzu, alhali motar tana gida, ba ka faɗa masa ƙirarta ba, ba ka faɗa masa irin ƙarar da take yi ba? Ko likita ne ka ce masa ba ka da lafiya kawai, ai sai ya tambaye ka ina ke ciwo. Mutumin nan bai zage ka ba. Tambayar likita ya yi maka."

Na yi shiru. Ya jawo kujera ya ce in zauna mu rage matsalar har ta zama ƙarama. Muka ajiye fayil 62 ɗin a gefe. Ya ce in rubuta kalma uku kacal da hannuna a cikin R: kuɗi, ɓarna, ƙasa. Na wuce da su ta cikin kayan aikin. Suka fito kui, arna, asa. Ya ce, "Shi ke nan, ka kama ɓarawonka. Layi uku, kowa a duniya zai iya gwadawa ko da bai san Hausa ba."

Amma bai tsaya nan ba. Ya ce mu buɗe fayilolin ɗaya bayan ɗaya. A nan ne kunya ta kama ni. Guda 14 daga ciki, tun kafin su je kusa da kayan aikin mutumin, an riga an maye gurbin haruffan da alamar tambaya: "ku?i", "?arna". Ni ne na adana su da tsohon tsarin ajiye haruffa wanda bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Ko mutumin ya gyara nasa sau goma, waɗannan ba za su dawo ba. Wato wani kaso na laifin da na ɗora masa a daren nan nawa ne.

Bari in ɗan yi bayani, don na san da yawanmu mun taɓa ganin irin wannan. Kwamfuta lamba take gani, ba harafi ba. Tsohon tsarin da ake kira ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, gurbi 128 kawai gare shi, kuma Turanci aka yi wa shi. Daga baya aka zo da Unicode a 1991 don kowane harafi na kowane harshe ya samu lambarsa, sannan a 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, hanyar adanawa da yawancin intanet ke bi a yau. Haruffanmu suna ciki: ƙ lambarta U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253. Idan ka adana rubutu da tsarin da ba ya ɗauke da su, sai su koma alamar tambaya. Idan kuma mai rubuta manhaja ya ce mata harafi shi ne daga a zuwa z kawai, duk abin da ba ya ciki a share, to ƙ ɗinka ta tafi tare da waƙafi. Abin da ya faru ke nan. Ba mugunta ba ce, mutumin bai taɓa cin karo da Hausa ba.

Muka sake rubuta saƙon. Na fara da neman afuwa a jimla ɗaya. Na faɗi abin da na yi, na liƙa layukan nan uku a rubuce, ba hoto ba. Na faɗi abin da na sa ran gani da abin da ya fito. Na sa sakamakon umarnin sessionInfo(), wanda ke nuna zubin R da irin kwamfutar da kayan aikin da ke ciki. Na ƙara da cewa waɗannan cikakkun haruffa ne a Hausa, cire su na sauya ma'ana. Ban ambaci gabatarwata ba, don gaggawata ba tasa ba ce.

Kafin la'asar ya amsa. Ya ce ya gwada ya gani, kuskure ne na gaske, ya nuna mini yadda zan kauce masa a lokacin, ya kuma gode. Bayan 'yan kwanaki ya fitar da gyara, ya sa kalmomina uku a cikin gwaje-gwajen da ake yi kafin kowane sabon zubi. Ni kuma na koma kan asalin rubutuna na sake adana guda 14 ɗin da UTF-8. Ranar gabatarwa, kalma ta huɗu a allo "ɓarna" ce.

Tun ranar nake tunani a kan ladabi. Mu an rene mu da cewa ba a shiga magana sai an gaisa, an tambayi gida da aiki da gajiya. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba zan bar ta ba. Amma saƙona na farko, gaisuwar ma ban yi ba, ihu na yi, kuma duk da haka na ji haushin ba a gaishe ni ba. A wurin mutumin da ke gyara manhaja kyauta bayan ya tashi daga aikinsa, girmamawar da yake buƙata ita ce kada ka ɓata masa lokaci. Ka duba ko wani ya riga ka kai wannan ƙorafin. Ka gwada sabon zubi, wataƙila an riga an gyara. Ka raba abin da ka gani da abin da kake zato. Matsala ɗaya a saƙo ɗaya. Idan an gyara ko ka gano da kanka, ka koma ka faɗi yadda aka yi, don na bayanka.

Ba ni na fara gano wannan ba. Simon Tatham, wanda ya ƙirƙiri manhajar PuTTY, ya yi wani sanannen rubutu tun 1999 a kan yadda ake kai rahoton kuskure, kuma jigonsa shi ne a sa mai gyara ya ga matsalar da idonsa. Yayan nan namu ma ya ba ni labarin ƙwaron da ya maƙale cikin kwamfutar Mark II ta Jami'ar Harvard a 1947. Ma'aikatan suka ciro shi suka liƙa a littafin aikinsu, suka rubuta lokaci da wurin da aka same shi. Ya ce, "Ka ga, su ƙwaron kansa suka kawo, ba labarin ƙwaro ba."

Yanzu ni ma ƙannenmu na turo mini saƙo. Wani zai rubuta "Salam" ya yi shiru yana jira, sai bayan awa biyu ya ce "Yaya abin nan ya ƙi yi". Ba na jin haushi, don na san daga ina na fito. Ina amsa sallama, sannan in yi masa tambayoyi uku: me ka yi, me ka sa ran gani, me ka gani? Sau da yawa kafin ya gama rubuta amsar ya gano matsalar da kansa. Ka yi sallamarka, ƙanena, amma ka haɗa ta da tambayar a saƙo ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Da na yi zuciya na goge kayan aikin, ko na bi hanyar da yawancinmu ke bi, wato in cire lanƙwasar haruffan gaba ɗaya in rubuta "kasa" a madadin "ƙasa", da kuskuren na nan yana jiran ɗalibar da za ta zo bayana daga Sakkwato ko Maraɗi. Mai manhajar da ke wata ƙasa ba zai taɓa sanin ɗ tana ɓacewa ba sai wanda ke rubutu da ɗ ya faɗa masa, kuma ya faɗa ta yadda za a iya gyarawa. Idan ba mu muka yi ba, wa zai yi?

Masu rubuta kundi da Hausa ko Fulfulde, yau ɗin nan ku buɗe fayilolinku ku nemi alamar tambaya a tsakiyar kalma. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya, Ya mai da mu gida da abin da muka zo nema.